Kujerar Bakin Famfo

Da sassafen ranar Litinin, tara ga watan Maris, ina tsaye a kicin ina haɗa wa yara abin tafiya makaranta, wayata ta yi ƙara. Sista ce, babbar nas ɗin sashenmu na agajin gaggawa. Ba ta yi sallama ba, ba ta tambayi kwanan yara ba yadda ta saba. Cewa kawai ta yi, "Likita, Malam ya rasu." Na ce wane Malam, alhali duk faɗin asibitinmu mutum ɗaya ne ake ce wa Malam a tsaya a nan. Allah ne ya ba mu aronka, shi ne kuma ya karɓi abinsa, can ɗin dai mu ma za mu tarar da kai. Duk da haka ba zan ɓoye maka ba, Malam, abincin yaran nan ban ƙarasa haɗa shi ba. A ƙasan kicin ɗin na zauna, buta tana ta tafasa a kan wuta ban ji ba.

Ga wanda bai san ka ba, kai ne babban likitan da ya fi kowa daɗewa a sashenmu. Da wuya a sami likita a garin nan da ya iya tsayar da jini ba tare da ya gigice ba, a ce ba a hannunka ya fara koya ba. Ni ma da nake wannan rubutu a hannunka na taso. Na zo ina ƙaramar likita, ko ƙarin ruwa ban iya sa wa jariri sai an tsaya mini, yau ga shi ana ce mini babbar likita, har ni ma ana tambayata. Ban taɓa jin sunana na yanka a bakinka ba. "Don-me" ka raɗa mini tun makon farko, saboda ba a gaya mini abu in ce to, sai na ji dalili. Sunan ya bi ni har gida, mijina ma in ya so tsokanata da shi yake kirana.

Alherinka ba mai surutu ba ne. Ban taɓa jin ka yi wa ƙaramin likita tsawa a gaban marar lafiya ba. In mutum ya yi kuskure, sai ka ce, "Zo mu sake dubawa tare, idona ya fara tsufa," kai da idonka ya fi namu gani. Ranar da marar lafiya ya fara mutuwa a hannuna, na ɓuya a ɗakin ajiyar kaya ina kuka, ina fatan kai za ka je ka gaya wa iyalinsa. Ka zo ka ƙwanƙwasa, ka ce in wanke fuska. Ka raka ni har gabansu, ka tsaya a bayana, ba ka ce uffan ba har na gama. A lokacin haushinka na ji. Sai da na yi shekaru ina isar da irin wannan labari na gane abin da ka ba ni. Na kuma tuna ranar da wani mutum ya shigo a ruɗe da mahaifiyarsa, ya gan ka zaune ba farar riga, ya ɗauka ɗan aike ne, ya daka maka tsawa ka kawo keken marasa lafiya. Ka tashi ka kawo, ka tura tsohuwar har kan gado, sannan ka ciro abin sauraron ƙirji daga aljihu. Mutumin nan ya so ƙasa ta tsage ya shige. Kai kuwa hawan jinin tsohuwa kawai kake tambaya.

Da a ce iyakar abin da ke raina ke nan, da na yi maka addu'a na ajiye alƙalami. Amma an yi mini wata tambaya a gidanka, ita ce ta hana ni barci.

Ranar da muka je gaisuwa, babbar 'yarka, wadda ke koyarwa a makarantar sakandare, ta ja ni zuwa lungun da ke bayan kicin. Idonta a bushe yake, muryarta kuma ba ta rawa. Ta ce, "Anti, ina da tambaya, kuma don Allah kada ki lallashe ni. Tun muna yara ba mu san Baba a gida ranar Asabar ba. Ranar da aka ba ni kyauta a makaranta ba ya nan. Ranar da ƙanena ya karye a wajen ƙwallo, maƙwabci ne ya kai masa shi asibiti. Muna haƙuri, muna cewa rayuka yake ceto. Ɗazu kuma na ji wani yana ba da labari a tsakar gida har da dariya, wai zama kawai yake yi a bakin famfo yana ɓare lemo. Gaskiya ne?"

Na ce gaskiya ne.

Ta ce, "To me yake yi a can?"

Ni Don-me, na yi shekaru ina wuce ka a kan kujerar nan, ga 'yarka tana neman sanin inda Asabar ɗinta ta tafi, ba ni da abin da zan ce mata. Na roƙe ta ta ba ni 'yan kwanaki. Kuma ba ita kaɗai ke jiran amsa ba, don shugaban asibiti ya riga ya sa ranar da manyan likitoci za mu zauna a yanke shawara ko a soke zaman Asabar ɗin gaba ɗaya, tunda mai shi ya tafi.

Bari in yi wa waɗanda ba ma'aikatan asibiti ba bayani. Yadda muka taras, in likita ya kai babba, ya huta da aikin yamma da na ƙarshen mako. Zai zo da safe ya tashi bayan azahar, ya tafi gida da wayarsa. Wannan shi muke ce wa jiran kira: ƙananan likitoci su riƙe sashe, in abu ya fi ƙarfinsu su buga wa babba waya. To amma sashen gaggawa bai san wannan tsari ba. Da yamma yake cika, lokacin da mutane suka taso daga aiki suka tarar da yaro yana suma, da ranar Asabar da Lahadi, lokacin da ƙananan asibitoci suke rufe. Kai ka kafe tun da daɗewa cewa dole a sami babban likita a cikin sashe da jikinsa, daga la'asar zuwa bayan isha'i, da kuma wunin Asabar da Lahadi. Aka riƙa juyawa a tsakaninmu, kowa yana gunaguni, ni ma bakina bai yi shiru ba. Kai kuma ka ɗauke kowace Asabar ka ɗora wa kanka, har bayan ka kai shekarun da babu wanda zai ce maka don me in ka zauna a gida.

Abin mamaki shi ne yadda kake yin Asabar ɗin. Mu sauran in muna kan aiki, ko dai muna ofis, ko kuma mun nutse cikin marasa lafiya muna rage layi. Kai ba ka shiga ofis. Akwai famfon wanke hannu a tsakiyar sashe, daidai inda hanyar gadaje ta haɗu da ta ɗakin ɗinki. Can ka ajiye wata 'yar kujerar ƙarfe marar jingina, ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta, har sai an cusa mata kwali. Sai ka rataye farar riga a ƙusa, ka zauna, ka ciro lemo da wata 'yar wuƙa mai ƙotar katako, ka shiga ɓara a hankali, ɓawon yana sauka a murɗe bai tsinke ba. Ba jarida, ba littafi, ba danna waya. Duk wanda ya gan ka zai rantse ba ka da aikin yi. Yara likitoci a bayan idonka Mai Famfo suke ce maka, kuma na tabbata ka sani.

Kowa da fassararsa. Wasu suka ce taron dangi kake gudu. Wasu suka ce Mama, matarka, ce take tara maka gyare-gyaren gida ranar Asabar, shi ya sa kake sulalewa. Wani ya ce sa ido kake yi a kan wanke hannu, amma ba a taɓa jin ka yi wa kowa maganar sabulu ba. Ni kuwa na tambaye ka ba sau ɗaya ba. Wata rana ka ce iskar wurin ce ta yi maka. Wata rana ka ce lemo ya fi zaƙi a nan. Da na matsa, sai ka miƙo mini ɓari guda ka ce, "Don-me, sha ki bar ni in huta."

A ƙarshen bara maganar ta kai teburin shugaban asibiti. Ba mugun mutum ba ne, kuma abin da ya faɗa ba shirme ba ne. Ya ce layin masu jiran ganin manyan likitoci a ranakun mako ya yi tsawo, ga shi muna ƙarar da ƙarfinmu a ƙarshen mako. Ya ce in aka duba, marasa lafiyar da Malam yake gani da kansa ranar Asabar ba su kai na likitan da ya zo jiya ba. Ya ɗaga wayarsa ya ce, "Ga waya a aljihun kowa. Wanda ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, ya kira." Duk muka juyo muna kallonka, muna jiran dogon jawabi. Cewa kawai ka yi, "Ba za su kira ba." Ni ce na ce don me, a gaban kowa. Ka kalle ni ta saman tabarau, ka yi murmushi, ka ce, "Har ke?" Daga nan ba ka ƙara ba. Wallahi ranar ka ba ni haushi, Malam. Mutum yana da gaskiya a ciki, ya ƙi fito da ita! Aka tashi a kan cewa Lahadi za ta koma jiran kira a gwada, Asabar kuma a bar maka saboda girmanka. Na ji daɗin samun Lahadina, yarana ma sun ji daɗi.

To da 'yarka ta ɗora mini wannan kaya, sai na yi abin da na iya, na shiga tambaya. Ɗalibanka sun yi ta zuwa gaisuwa daga nesa da kusa, wasu har sun yi furfura. Duk wanda na samu sai in ja shi gefe in ce, "Sau nawa ka taɓa kiran Malam a waya yana gida?" Sai ka ga mutum yana sosa ƙeya. Wani ya ce sau ɗaya, ranar da motar haya ta kife aka kawo mutane rututu. Wata ta ce ta sha ciro lambarka, ta zuba mata ido, ta mayar da wayar aljihu. Na ce ai shi da bakinsa yake cewa a kira shi ko tsakar dare ne. Ta ce, "Haka ne. Amma in kira shi in ce me? In ce ga wani mai ciwon ciki, komai nasa daidai, ni dai hankalina ne bai kwanta ba? In ya taso daga gida ya tarar ba komai fa?"

Sai in sake tambaya, "A bakin famfo fa, sau nawa ka tambaye shi abu?" Nan kowa sai ya yi dariya, ya ce wannan ai ba ya ƙirguwa. Kowa kuma da labarinsa. Wani yaro da aka kusa sallama da maganin zazzaɓi, ashe sanƙarau ne. Wani dattijo da aka ce a buge yake, ashe jini ne ya taru a kansa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, duk labaran nan da kalma ɗaya suke farawa. Kowa cewa yake, "Na zo wanke hannu, sai na ce, Malam, tunda ga ka..." Kuma kowannensu ya ɗauka sa'a ya yi, Allah ya sa ka zauna a wurin a daidai lokacin.

Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru. Wata Asabar, ina ƙaramar likita, an kawo wata matashiyar mata da ciwon mara. Na duba ta, na rubuta mata magani, na ce ta ɗan kwanta kafin ta tafi gida. Wani abu yana ta sukar raina game da ita, ban san sunansa ba. Na zo famfo, ina cuɗa sabulu, fuskata tana kallon bango, sai na ji bakina yana cewa, "Malam, tunda ga ka, akwai wata a gado na ƙarshe." Ba ka ko ɗago daga lemonka ba. Ka ce, "Yaushe rabonta da al'ada?" Na ce ta ce ba ta da ciki. Ka ce, "Ba abin da na tambaye ki ke nan ba." Na koma da gudu. Ciki ne ya zauna a wajen mahaifa, ya fara fashewa. Kafin magariba tana ɗakin tiyata, kuma ta rayu. Na sha ba da labarin nan ina cewa Allah ya taimake ni Malam yana kusa. Sai yanzu na tambayi kaina: da a gida kake ranar, da na kira ka? Da ban kira ba. Da na ce bari mu ga yadda za ta kwana, ta dawo ranar Litinin.

Da na gane haka, sai na je na tsaya a bakin famfon ina nazarinsa kamar yau na fara ganinsa. Duk likitan da ya gama da marar lafiya dole nan zai zo, abin da ya gani bai bar kansa ba tukuna. Hannunsa yana cikin ruwa, ba zai iya saurin wucewa ba. Fuskarsa tana bango, ba sai ya haɗa ido da kai ba, balle ya ji kunyar rashin sani. Ba ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ba aikin da zai katse maka, tunda ga ka kana ɓare lemo. Da jarida ce a hannunka, da sun ce kada su dame ka. Na kuma gane abin da ya hana ka bayani a taron nan. Da yara sun san tarkon tambayoyinsu ka ɗana a wurin, da sun riƙa shirya magana kafin su iso, ko su zagaya su wanke hannu a famfon baya. Kai, Malam, ashe duk zaman nan aiki kake yi, mu muna yi maka kallon mai hutu.

Da murnata na tafi gidanka in kai wa 'yarka amsa. Ban same ta ba, ta koma ɗakinta, sai Mama na tarar ita kaɗai a falo. Muka gaisa, na zauna. Can sai halina ya motsa, na tambaye ta yadda abin ya faru, don har lokacin abin da na sani kawai shi ne zuciya ce, kuma kafin a iso da kai asibiti rai ya yi halinsa.

Ta ce tun bayan azahar ɗin Lahadi ka ce abinci ya tsaya maka a ƙirji. Ka sha maganin ƙwarnafi, bai sauka ba. Ta ga kana share gumi alhali fanka tana juyawa. Ta ce maka, "Ka kira 'yar taka mana, Don-me, ba ita ce kan jiran kira yau ba?" Ka ce, "Bar ta, tana cikin 'ya'yanta. Ƙwarnafi ne. In bai sauka ba na gan ta ranar Litinin." Bayan la'asar ka ɗauki makullin mota ka ce za ka ɗan sha iska, ka dawo kafin magariba, ka kwanta da wuri. Na ce ina ka je. Ta ce ba ta sani ba, ba ka faɗa ba.

Ranar Lahadin nan ina gida. Wayata tana kan tebur tun safe, na cika ta da caji, ko wanka zan shiga sai na ajiye ta a bakin ƙofa. Ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya. Har na ce wa mijina yau sashe lafiya lau.

Washegari na sami Sista, don ita ce ta yi aikin yamma ranar. Na ce, "Sista, Malam ya zo nan ranar Lahadi?" Ta ajiye abin da ke hannunta, ta zauna. Ta ce ta yi ta neman yadda za ta gaya mini ta rasa. Ta ce ka shigo ana tsakiyar cika, yara likitoci biyu suna ta kai-kawo, kowa ya gaishe ka a tsaitsaye ya wuce. Ka nufi famfo, ka buɗe, ka daɗe kana wanke hannu, kai da ba ka taɓa kowa ba. Kujerar tana nan gefenka babu kowa a kai. Ta ce maka, "Malam, yau Lahadi, lafiya?" Ka ce wucewa kake yi. Ka tambayi wa ke kan kira, ta ce ni ce, ina gida, ko ta kira ni? Ka ce a'a, kada a taso ni. Ka goge hannu ka fita.

Haba Malam! Haba! Kai da ka fi kowa sanin wannan ciwo namu, kai da ka ba da Asabar ɗinka ta shekaru don maganinsa, ashe kai ma yana jikinka? Kana da lambata. Ni da ka raka har gaban iyalin mamaci, ni za ka ji nauyin tasowa daga gida? Na yi fushi da kai, na yi kuka, na sake yin fushi. Sai daga baya na ga abin da ka zo nema. Ka zo ne ka tarar da wani babba a zaune yana zaman banza, ka sa hannu a ruwa, ka kalli bango, ka ce, "Tunda ga ki, tun azahar nake jin wani nauyi a nan." Yaran nan biyu ba za ka iya ɗora musu ba, su ma ba su isa su dubi Malam su ce ya hau gado a auna zuciyarsa ba. Ban ce da ina wurin da ka rayu ba. Kwana in ya ƙare ya ƙare, na ga wannan da idona fiye da yadda zan iya faɗa. Amma da na ga gumin nan, da ba ka fita daga sashen ba sai na sa maka na'ura a ƙirji, ko da kokawa za mu yi.

Da na sami 'yarka, na gaya mata duka, har da na Lahadin, don ta ce kada in lallashe ta. Na ce mata mahaifinta ba gudunsu yake yi ba. Akwai tambayar da ƙaramin likita ba zai taɓa yi a waya ba, kuma wani lokaci ran mutum a kan tambayar yake rataye, shi ya je ya zauna inda za a iya yi masa ita. Na kuma ce mata wannan bai biya ta ranar kyautarta ba, kuma ba zan ce ya biya ba. Sai ta ce, "Da ya gaya mana." Na ce ni ma abin da na ce ke nan. Na taso ban san yadda ta ɗauki zancen ba.

A taron manyan likitoci na yi dogon jawabin da ka ƙi yi. Shugaban asibiti ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. An bar Asabar, an kuma dawo da Lahadi. Sai dai na ce musu ba za mu yi irin naka ba, mutum ɗaya ya ɗauke duka, 'ya'yansa su girma suna tambaya. Juyawa za mu riƙa yi. Mijina da na gaya masa, cewa ya yi, "To, Don-me, an sami dalili ke nan," ya tambayi wace Asabar ce tawa don ya san ranar da zai kai yara wajen kakarsu.

Asabar ɗin da ta wuce ce tawa ta farko. Na rataye farar riga a ƙusarka, na gyara kwalin ƙafar kujera, na zauna. Ashe zaman banza wuya gare shi! Hannuna yana ta ƙaiƙayin ɗaukar fayil, ga layi ina gani. Ga kuma tsoron da nake ji, tunda na tona asirin kujerar a taro, kada a ce ta daina aiki. Yara suna zuwa su wanke hannu, su gaishe ni, su wuce. Ina nan ina tunanin ko in tashi, sai mai gadi ya shigo da wata leda, ya ce wata mata ce ta ce a ba ni, ba ta tsaya ba. Lemo ne a ciki, da 'yar wuƙarka mai ƙotar katako. Babu wani saƙo, kuma ban nemi wani ba. Na fara ɓara, ɓawon yana ta tsinkewa, idona bai gani sosai. Ban kai rabi ba sai wata ƙaramar likita ta zo ta buɗe famfo, ta cuɗa sabulu, ta ƙura wa bango ido. Ta ce, "Likita, tunda ga ki..."

Allah ya jiƙan ka, Malam. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa duk ran da ya tsira ta dalilin zamanka ya zame maka nauyi a ma'aunin alheri. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta yi shekaru tana cin abincin ranar Asabar ba tare da mijinta ba, da babbar 'yarka da ƙannenta da jikoki. Asabar ɗin nan taku ce kuka ba mu, Allah ya sa ku ma kuna da rabo a ladanta, ya ba ku haƙurin rashi. Ina yi wa Sista da dukan ma'aikatan sashenmu gaisuwa, da ɗalibanka a duk inda suke, mu ma maraicin ya shafe mu. Kai kuma da ka zo ka tarar da kujera babu kowa, ina roƙon Allah ya sa inda ka je ka tarar da rahamarsa tana jiranka a bakin ƙofa, ba sai ka kira ba. Amin.